Na Fita Shan Iska, Gida Uku Suka Biyo Ni

Abubuwa da yawa sun fara kwance mini yanzu da tsufa ya kama ni, amma Lahadin nan da na kwashi iyalina zuwa shan iska a bayan Filinge, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so mantawa ma, matata Rabi tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

A lokacin ni mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, matashi mai ji da kansa. Mu ne yaran da muka tashi da 'yancin kai, muna ganin duk abin da nasara ya tafi ya bari mu ya bar wa, har da irin takunsa. A makarantar horon malamai akwai wani Bafaranshe da kan kwashe mu ran Lahadi mu hau dutse. Ba itace muke nema ba, ba farauta muke ba, za mu je ne kawai mu tsaya a ce "kai, wuri ya yi kyau," mu juyo. Abin ya shiga raina, na ce ni ma in na yi iyali haka za mu riƙa yi.

Sai ga fari. Wanda bai ga shekarun nan ba, Allah kada ya nuna masa. Damina ta zo ta wuce ba a sa komai a rumbu ba, wata ta biyo ta, ita ma haka. Shanu suka faɗi, mata suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, don a samu na ci. Kullum ka wayi gari sai ka tarar an ƙara garƙame wani gida da kwaɗo, masu shi sun bi hanyar Bonkuku, wasu Yamai, wasu Najeriya. Kuma da asuba suke sulalewa, ba sallama, saboda kunyar a ga mutum ya bar garin ubansa. Ajina ya dinga ramewa, har aka aiko daga sama cewa in yara suka ƙara raguwa za a rufe shi.

Na shiga bin gida gida ina roƙon mutane su dakata su ga daminar bana. Wanda na fi matsa wa shi ne maƙwabcina Baba Arzika, maƙerin unguwa, domin jikokinsa suna ajina, kuma kowa shi yake kallo, in ya tashi to unguwa ta tashi. A bakin maƙerarsa, gaban mutane, na daki ƙirji na ce, "Baba, ni ɗan ƙasar nan ta Kurfai ne, ko kowa ya watse ni ina nan, ba inda za ni." (Har da ɗaga yatsa sama na yi, kamar mai huɗuba. Allah ya yafe mini.)

To, a cikin wannan hali ne na ga yarana biyu sun yi la'asar, ba wasa ba dariya, sai na tuna da darasin Bafaranshe. Na ce da Rabi gobe Lahadi za mu tafi dutse shan iska.

Ta dube ni ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Me muka ajiye a dutsen?"

Na ce, "Ba komai. Za mu je mu kalli gari daga sama."

"Garin da muke ciki?"

Na ce mata ita ba ta san ci gaba ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta tashi ta hau dambu.

Ku dubi yadda na tsara abina, don ku san ba a banza aka ba ni takardar malanta ba. Na ce mu fita da asuba kafin rana ta yi zafi. Na ɗauki tabarma don zama, buta don salla, gorar ruwa, da rediyona don mu ji kiɗa a sama. Rabi ta goya ƙaramar, ta ɗora ƙullin abinci a ka, babban ya rungumo tabarma. Ni kuma na sha gajeren wandon kaki da takalmin zuwa aji. Tunda ba mai tsaron gida, na ja ƙofa na danna mata kwaɗo. Ban yi wa kowa sallama ba, don me zan tashi mutane daga barci? Sannan hanyar dutsen, kafin ta ratse, sai ta ɗan bi hanyar Bonkuku tukuna. Wallahi ko a mafarki ban haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba.

Tafiyar kuwa ta yi daɗi, gaskiya. Hanyar ba ta da wuya, ko yaro zai bi ta. Ta ratsa cikin kwari ta tsakanin goriba, ta wuce ta gefen tsohuwar rijiyar nan ta kakanni wadda igiya ta cinye itacen bakinta, sannan ta miƙe zuwa wani babban gawo a gindin dutse. Ina tafe ina ba yara tarihi, Rabi tana bayana tana cewa "uhm". Muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gawon don mu huta kafin hawa, na kunna rediyo, na miƙe ƙafa, ina jin duk ƙasar Kurfai ba wayayye kamata.

Sai na ji kukan jaki.

Na waiga. Ga Baba Arzika tafe da sanda, ga jakinsa an labta masa zugazugi da uwar maƙera da turmi. Ga matarsa Inna Tani da tukwane a ka, ga jikoki, ga akuyarsu guda da ta rage ana jan ta. A bayansu ga wasu gidaje biyu na unguwarmu, kowa da kayansa. Na ƙirga 'yan ajina a cikin ayarin da ido, na ga in suka tafi aji ya rufu.

Baba Arzika ya iso, ya yi sallama, ya dogara sanda. Ya ce, "Mushe, ba faɗa ya kawo mu ba. Ka yi rantsuwa, amma yunwa ba ta san rantsuwa ba, mun yahe maka. Mun ga kwaɗo, an ga ka ɗauki har rediyo. Muka ce in mai albashi ya ga ba zama, mu su wa? To ga mu. Ina muka nuha, Yamai ko Najeriya?"

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma irin ta ran nan daban ce. Na kashe rediyo, na miƙe, na ce, "Baba, ai ba tashi muka yi ba. Yawo muka fito."

"Yawon mi?"

"Shan iska."

Baba Arzika ya gyara riƙon sandarsa. Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Iskar gida ta ƙare?"

Wani daga baya ya ce kunya ce ta sa Mushe ƙarya, a ƙyale shi. Inna Tani kuwa ba ta tsaya wata-wata ba, ta durƙusa ta kwance ƙullin Rabi don ta ga guzurin tafiya. Sai ga dambu da kopto, wato dafaffen ganye, ga burodi, ga gwangwanin sardin guda yana ƙyalli. A shekarar da mutane ke cin anza, ni na ɗauko sardin zan je in ci a kan dutse ina kallon gari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Rabi ce ta cece ni, ko da yake ceton nata da yaji ya zo. Ta ce, "Inna, wallahi gaskiya yake faɗa. Ni ma na ce masa wannan ba aikin masu hankali ba ne, bai ji ba. Ki dube ni da kyau, kin ga kwanonin jerena? Ni zan bar gari in bar jerena a ɗaki?"

Inna Tani ta laluba kayanmu da ido, ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Arzika, ba gudu suka yi ba. Hauka ce kawai."

Aka fashe da dariya, har da 'yan ajina, waɗanda jiya-jiya nake sa su durƙuso. Baba Arzika kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce shi kam ya riga ya kashe wutar maƙera, ya ɗaure kaya, an gan shi ya fito. Da wane ido zai koma? Tunda ƙafa ta fito, gara ta wuce. Sauran magidantan suka gyaɗa kai. Nan dariya ta ƙare. Na ga ajina zai rufe, na ga unguwarmu za ta watse, kuma ni da tabarmata muka jawo.

Ban san inda na samo dabarar ba, ina jin tsoro ne ya ba ni. Na ce, "Baba, na ji. Amma tunda na wahalar da ku har nan, ku ci abincin nan, sannan ku hau dutsen nan tare da ni sau ɗaya. In mun sauko, duk inda kuka nufa ni zan raka ku." Aka raba dambu loma-loma, sardin kuwa yara suka lashe har man. Aka ɗaure jakuna, wata tsohuwa ta ce ita ba ta ajiye komai a sama ba, ta zauna gadi.

Hawan bai wahalar da kowa ba sai ni. 'Yar hanya ce ta awaki, tana karkacewa a hankali. Baba Arzika da tsufansa yana gaba, mata da goyo suna hira, ni jagora kuwa takalmin aji ya kwashe ni a kan tsakuwa, na zauna daɓas, wandon kaki ya ce kyat daga baya. Rabi ta zaro zani daga cikin ƙulli ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, kafaɗunta sai rawa suke don dariya. Haka na ƙarasa hawa, mushe guda, ɗaure da zanin atamfa mai furanni.

Da muka kai sama kowa ya juya yana hangen inda muka fito. Ga Filinge kwance a cikin kwari, ga masallaci, ga kasuwa, ga maƙabarta. Ni kaina abin da na zo gani ke nan. Amma Baba Arzika ba gari yake kallo ba, bayan gari yake kallo. A cikin unguwa, abin da ido ke gani kullum shi ne ƙofofin da aka rufe. Daga nan sama kuwa sai ga gonaki, ko'ina gonaki, an share su fes, an tara kara an ƙone, har inda ido ya tsaya. Mutanen da ba su da abin kai wa baki sun fita sun gyara gona suna jiran ruwa.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wanga duk share su aka yi?" Ya share ido da bakin rawani, ya ce, "In ruwa ya sauka, wa zai gyara musu hauya?" Ya juya ya dubi matarsa. "Tani, mu koma gida."

Ni dai na ji hawaye sun zubo mini, ban ɓoye ba. Mutumin da ke ɗaure da zanin matarsa ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Muka shigo gari da rana tsaka, ni a gaba da rediyo a kafaɗa, gida uku da jakunansu a baya. Mutane suka fito ƙofa suna kallo. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Mushe dabara ya yi: ya yi kamar zai gudu don masu niyyar gudu su fito fili, ya kai su dutse ya juyo da su. Aka riƙa zuwa yi mini barka. Baba Arzika bai ƙaryata ba, don labarin ya rufa masa asiri, ni ma ban ƙaryata ba, don ya fi na gaskiya kyau nesa. Zanin ne kawai aka rasa yadda za a fassara, sai aka ce wataƙila yana cikin dabarar.

Washegari da safe na ji ƙarar guduma daga maƙera. Ba a rufe ajina ba. Da ruwa ya sauka a daminar nan, layi aka yi a ƙofar Baba Arzika, kowa da hauyarsa.

Har yau nakan kai jikokina dutsen nan bayan salla, kuma ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa sun koya. Sai dai na ɗauki darasi. Kafin in fita, sai na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na ce musu shan iska za ni, yanzu zan dawo. Rediyo a gida nake barin sa, a kunne. Rabi kuwa har gobe in ta ga na ɗauki tabarma sai ta ce, "Malam, in sa maka zani a jaka?"