Rasuwar Goggo, Na'urar Awon Sugan Malam Bakari

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalan Malam Bakari mai keke Napep na unguwar Madaki suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo, na'urar awon suga da ta shekara bakwai a aljihun gabansa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da ba a gane ba sai da ta yi nisa.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a shekarar da likita ya ɗora Malam Bakari kan allurar insulin. Matarsa Suwaibatu ce ta raɗa mata Goggo, don na'urar ba ta iya ɓoye laifin kowa ba. In ya zarce da tuwo a gidan suna, ita ke tona shi. Abincinta ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, maganarta kuma ba ta wuce "tit, tit" sannan ta nuna lamba.

Alherinta mafi girma ya bayyana shekaru biyu da suka wuce, lokacin da jikin Malam Bakari ya daina ba shi labari. A da, in sugansa ya faɗi, hannu na rawa, yunwa na ƙwaƙular cikinsa, sai ya tsaya ya ci dabino. Daga baya alamun suka ɗauke. Sai Goggo ta zame masa ido. Ba ya tada keke da safe, ba ya komawa titi bayan azahar, sai ya tambaye ta.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga ruwan saman da ya jiƙa su tare a unguwar Shamaki. An shanya ta, ta farfaɗo, aka yi hamdala. Ashe tun daga ranar lissafinta ya rikice.

Ranar Talata ta ce masa sugansa shida ne, lafiya ƙalau. Ya ɗauki mata biyu da jariri zuwa unguwar Federal Low-Cost. A hanya titi ya fara rabe masa gida biyu. Ɗaya daga cikin fasinjojin, Lizzy, ma'aikaciyar jinya ce, ta lura gumi ya jiƙa masa ƙeya, keken kuma na karkata wajen kwalbati.

Ta ce, "Baba, tsaya! Kana da suga ne?"

Ya ce, "Na auna, 'yata. Goggo ta ce lafiya."

"Wace Goggo? Don Allah taka birki!"

Ya taka, saura taku biyu su afka. Lizzy ta karɓo lemon kwalba a shagon gefen titi, ta riƙe masa yana kurɓa, uwar jaririn na ta salati. Da ta auna shi da na'urar da ke jakarta, biyu da ɗigo shida ta gani. Aka sake tambayar Goggo. Ta yi "tit" sau ɗaya, ta nuna shida, fuskarta ta dushe. Ba ta ƙara magana ba.

Ta rasu ta bar tsinken gwaji goma sha ɗaya da ba sa shiga bakin wata na'urar, da abin huda yatsa, da baƙar jakar da zif ɗinta ya lalace. Ta kuma bar Malam Bakari, wanda tun ranar yake zaune a zaure yana juya yatsunsa. An kawo masa sabuwa, ya auna sau uku a jere, bai yarda da ko ɗaya ba. Abin da yake ta maimaita wa Suwaibatu shi ne, "Da jariri fa a bayana."

Ba za a yi mata salla ba, tunda ba mutum ba ce. Za a cire batirinta bayan la'asar ɗin Juma'a, a naɗe ta a ƙyalle, a sa a ƙasan akwati. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sassaƙe ko shawarar barin allura. Masu neman a kai su kasuwa kuma su yi haƙuri: makullin keken na ɗaure a bakin zanin Suwaibatu, ta ce ba ta kwance shi sai likita ya sake duba allurar ranar Litinin, kuma Malam Bakari bai ce ta ba shi ba.