Rasuwar Gwaggo ta Ɗakin Gwaji

Da zuciya a karye, da baƙin cikin da na rasa inda zan ajiye shi, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa shigowa ɗakin gwajinmu riƙe da kwalba, rasuwar Gwaggo, na'urarmu ta tantance sinadarai. Rai ya yi halinsa a farkon makon nan, bayan jinyar da bai kamata a ce ta yi ba. Ni ne ma'aikacin da ya kula da ita tun ranar da aka sauke ta daga akwati, ina saurayi, gashina baƙi ƙirin. Lokacin ritayata ya wuce tuni, amma shugaban sashe ya riƙe ni da magana ɗaya: "Baba, muddin tana aiki, kai ma kana aiki."

Marigayiya ba ta da kyan gani, kada mu yi wa mamaci ƙarya. Ta kai faɗin firji biyu, fentinta ya koɗe, ƙofar gefenta kuma sai an dafa ta da gwiwa take rufuwa. Amma gaskiya fa? Kai! Ka ɗiga mata ɗigon abu da allura, ta yi jim, sai ta zana maka a allo duk abin da ke ɓoye cikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta gano maganin ƙwari da ya maƙale a ganyen kasuwa. Ta tona asirin maganin tarin yara da aka surka. Wani mai kamfanin man girki ya taɓa zuwa da babbar mota, ya zauna yana kaɗa ƙafa yana yi mana murmushi, Gwaggo ta faɗi abin da ke cikin mansa ba tare da ta duba motar ba. Ya fita ko sallama babu.

Sharaɗinta ɗaya ne a duniya: ba a kashe ta. A ƙarƙashinta akwai famfon da ke zuƙe iskar cikinta, kuma dole cikin ya zauna da ɗumi, babu iska, babu danshi. In ta huce, sai an yi kwanaki ana lallashi kafin ta dawo hayyacinta. Saboda haka ranar aiki da ranar hutu, famfon nan yana ta tuk-tuk-tuk a ƙasan tebur. Sabon shiga yakan ce ƙarar tana sa shi ciwon kai, ni kuwa ban ma san tana yi ba sai in ta canza. Idan aka ɗauke wuta ina gida, nakan ajiye cokali in nemi takalmi, in je in ga ko batura sun karɓa. Matata ta gaji da mita, ta koma cewa, "Baban yara, je ka duba 'yar uwarka, abincin ba zai gudu ba."

Ciwon ajalinta ya faro ne daga abin farin ciki. An kawo mana sabuwar na'ura, aka sa ta a ɗakin da ke jikin namu, ɗalibai suka raɗa mata 'Yar Gata. Abin da take aunawa, ko ka tsaga gashin kai gida dubu bai kai shi ƙanƙanta ba. Da tsinin wata allura da ido ba ya gani take shafa saman abu, ta zana hotonsa. Wallahi ni ma na yi murna, har tafi na yi ranar da aka buɗe ta. Wadda aka damƙa wa ita kuwa Dakta ce, yarinyar da na koya wa riƙe allura tana ɗaliba. Wa zai ƙi ganin ɗiyarsa ta ci gaba?

Sai dai 'Yar Gata ba ta son motsi. Takun takalmi yana ɓata mata rai, rufe ƙofa ma haka, har tari sai an fita waje. Aka kiyaye duk wannan, amma hotunanta suka ci gaba da fitowa da layi-layi kamar tabarma. Aka bincika, aka bincika, ashe bugun famfon Gwaggo ne ke bi ta ƙasa yana ratsa bango.

Dakta ta same ni ina wanke kwalabe. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Da safe kawai za ka riƙa kashe Gwaggo. In na gama awo sai ka kunna ta."

Na ce, "'Yata, ba fitila ba ce fa."

Aka kira taro. Babu wani ɗaki mai bututun gas da za a mayar da Gwaggo, ita kuma 'Yar Gata an riga an zuba mata siminti na musamman. Sai masu ilimi suka yi abin da suka ga shi ne adalci, suka raba yini biyu: safiya ta sabuwa, yamma ta tsohuwa. Na yi magana har muryata ta dishe, aka ce a gwada na ɗan lokaci a gani. Babu mugu ko ɗaya a ɗakin taron nan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don ba ni da wanda zan riƙe a zuciya.

Haka aka shiga kashe Gwaggo kullum ana kunnawa. Da farko nauyin tashi kawai ta yi. Daga baya ta fara ruɗewa, kamar tsohuwar da ke kiran jika da sunan ɗa: kowane samfur ka ba ta, sai ta ce akwai ruwa a ciki. Tuk-tuk-tuk ya koma ƙyar-ƙyar-ƙyar. Mai gyara ya zo, ya buɗe cikinta, ya haska tocila, ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai kamfanin ma ya daina yin kayanta." Dakta, Allah ya saka mata, ta shimfiɗa roba a ƙarƙashin famfon, ta kawo buhun yashi, har ta ce za ta koma yin awonta ranakun hutu kawai. Amma an makara, danshi ya riga ya ci cikin.

Ranar ƙarshe na danna maɓalli kamar kullum. Ta ce tuk. Ta sake cewa tuk. Sai wani dogon fiii, da warin ƙonannen mai, shi ke nan. Na zauna a kujerata. Ban taɓa jin shiru irin wannan a ɗakin ba, har agogon bango na ji, wanda ban san yana da ƙara ba. Washegari 'Yar Gata ta fitar da hoto mafi kyau tun zuwanta, na jiyo ɗalibai suna shewa ta bango. Dakta ta leƙo da hoton a hannu, ta gan ni, ta ɓoye shi a bayanta, ta fashe da kuka. Ni da aka yi wa rashi, ni na koma ba ta haƙuri.

Marigayiya ta bar tukwanen gas a jingine da bango, da tsohuwar kwamfutar da ba ta jin yaren kowace na'ura sai nata, da kwalaben samfur cike da firji suna jiran amsar da ba za ta zo ba. Ta bar ɗalibai masu yawa da suka zama manya a wurare daban-daban, wasu ma sun manta da ita. Ta kuma bar ni. Shugaban sashe ya zo ta'aziyya, yana magana yana kallon takalminsa, ya ce, "Baba, sai mu zauna bayan an fitar da ita." Na ce masa ba sai mun zauna ba, na fahimta.

Za a fitar da ita ranar Alhamis da hantsi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ne za su ɗauke ta. Da yake an rage faɗin ƙofar bayan shigarta, ba za ta fita a haɗe ba, sai an kwance ta. Sun ce za su zo da guduma, na ce haba, a kan idona? Ni zan kwance ta da hannuna, ƙusa bayan ƙusa, in goge kowane sashe kafin in miƙa. Ana roƙon masu halarta su sa takalmi mai taushi, kada a buga ƙofa, mai kuka kuma ya daure har ya fita haraba, domin za a yi awo a ɗakin kusa.

Idan motar ta tashi, zan miƙa makulli da farar rigata a ofis. Wanda bai samu zuwa ba, ya same ni a gida. Matata ta riga ta fitar mini da kujera a ƙofar ɗaki. Ba sai kun yi waya ba, kowane lokaci kuka zo za ku same ni, ba inda za ni.