Ranar da Dominic Ya Samu Runduna

"Ni Dominic, ko ido aka ɗaure mini, zan hau da bataliya guda kan dutsen nan in sauko da ita, ko silifas ɗin mutum ɗaya ba zai tsinke ba!"

Haka ya faɗa yana dukan ƙirji a ƙofar coci, bayan an tashi sujada. To ɗan'uwa, kafin ka sara masa, tsaya ka ji ko wane ne Dominic. A Zuru dai ka sani, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton soja a bango ba. Shi ma gogan ya so nasa hoton ya hau bango. Sau uku yana zuwa ɗaukar soja, sau uku ana sallamo shi tun daga gudun farko. A na ukun ma a kan babur aka kawo shi gida ana yi masa fifita. Daga nan ya buɗe rumfar cajin waya a unguwar Rikoto, amma zuciyarsa tana bariki. Kullum ga koren wando, ga takalmin sojan da yayansa ya yar, ga usur a wuya. Ko kunu zai saya sai ya ce, "A kawo cikin minti biyu, oda ce!" Shi ya sa 'yan kabu-kabu suka laƙaba masa Kwamanda Ba-Runduna. Shi kuwa rabin farko kaɗai kunnensa ke ji.

Abin da ya jawo wannan cika baki kuwa, Gladys ce, 'yar Baba Mika, tsohon saje da ya yi shekara talatin da biyar yana ɗaukar bindiga. Dominic na son yarinyar nan kamar ransa, amma duk lokacin da ya tayar da maganar turo manyansa, sai tsohon ya ce yana dubawa. Ran nan dai ya gama dubawa.

"A zamaninmu," in ji Baba Mika, "shekara bakwai saurayi ke noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Golmo ke nan. Kai ban ce ka yi noma ba, don na ga tafin hannunka. Litinin ɗin Ista za mu Galili. Ka kai mu, ka dawo da mu lafiya, sannan ka turo manyanka."

In ba ka san Galili ba, fita ce da coci duka ke yi washegarin Ista. A hau dutse a bayan gari, yara da manya, a ci, a sha, a yi waƙa, samari su buga ƙwallo, tsofaffi su miƙe ƙafa a inuwa har yamma. Shekara da shekaru Mama Saloma ce ke shiga gaba, don tun tana budurwa take noma a kan dutsen. Amma Dominic ya ce hanyarta ta masu itace ce. Shi ya gano sabon wuri, wani falalen dutse ƙarƙashin ɗorawa, kuma zai shata hanya irin ta sojoji, da farar kibiya a kan duwatsu.

Ranar Asabar ya faɗa gidan gwaggonsa Larai, mai sayar da kanwa a kasuwa, ya ɗebi rabin buhu ya hau daka a turmi.

"Me za ka yi da kanwata haka?" in ji ta.

"Alamar hanya, Gwaggo. Ga ta fara tas, ko makaho ya gani."

"Kanwa za ka zuba a daji, da bazarar nan? Dominic, dajin nan fa ba kai kaɗai ke bin sa ba."

"Gwaggo, wannan harkar soja ce, ba ta miyar kuka ba."

Ta taɓe baki ta ce, "Allah ya ba da nasara, Janar."

Ya wuni yana zana kibiya, duk taku ashirin guda ɗaya, tun daga gindin dutse har ɗorawa. A kan falalen ya rangaɗa rubutu, kowane harafi ya kai tabarma: BARKA DA ZUWA SANSANIN KWAMANDA DOMINIC. Sauran garin kanwar ya bar shi a jakar goyonsa, wai saboda ko-ta-kwana.

Litinin da safe mutum kusan sittin suka hallara. Matan zumuntar coci da kulolin shinkafa a ka, 'yan mata da jarkokin kunu, Fasto Japhet da sabuwar laimarsa. Dominic ya jera su sahu biyu, har da tsofaffi masu sanda, ya busa usur, ya shiga gaba yana jefa ƙafa kamar zakaran da ya ga tsaba. Da suka iso gindin dutse sai ya ja birki. Kibiya ko ɗaya babu. Duwatsun sun yi fes suna ƙyalli, sai ka ce an wanke su da soso.

"An yi mana zagon ƙasa!" in ji shi. "Abokan gaba sun riga mu."

Mama Saloma ta duƙa ta dubi ƙasa, ta ga sawu, ta ɗago. "Ɗana, ai wannan..."

"Mama, a fagen daga ba a ba kwamanda shawara sai ya nema."

"To," in ji ta, ta gyara ganwonta.

Ya zaro waya zai duba taswira, babu sabis ko ɗigo. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iska ta nuna hagu. Aka yi hagu. Hagun nan kuwa babu komai cikinta sai ƙaya. Nan take ta kama laimar Fasto ta yi mata tagogi uku. Wata yarinya ta yi tuntuɓe, jarkar kunu ta fashe a gindin wata kuka. Rana ta take, gumi na tsiyaya, waƙar da mata suka ɗauko da ƙarfi ta koma nishi. Bayan tafiyar kusan awa guda sai ga su gaban wata kuka.

"Dominic," in ji Gladys daga ƙarƙashin kularta, "wannan ba kukar ɗazu ba ce?"

"Ba ita ba ce, 'yar'uwarta ce. Kukoki kama suke yi."

"To ita ma 'yar'uwar an zubar mata da kunu ne?"

Kowa ya duba. Ga kunu nan kwance, ƙudaje har sun buɗe kasuwa. Dominic ya saci kallon Baba Mika. Tsohon ya dogara da sandarsa yana kallonsa irin kallon da saje ke yi wa kurtun da ya sa takalmi a juye. Wallahi da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Mama Saloma ta ce, "Kwamanda, ko yanzu ka nemi shawarar?"

"Na... na ba da izini."

"Kanwa ka zuba, ko?"

"Sirrin soja ne. Amma e."

"To ka bi kashin shanun nan, zai kai ka har inda ka ƙare zubawa."

Haka aka yi. Tsohuwa a gaba, kashin shanu na nuna hanya, Kwamanda a baya yana cewa dama dabararsa ta biyu ke nan. Minti ashirin bai cika ba sai ga ɗorawa, ga falalen dutse. Ga kuma shanu kusan arba'in sun cika sansanin maƙil, wasu kwance suna tuƙa, wasu na lasar dutse. Rubutun nan mai girman tabarma ko wasali ba su bari ba, sai dai sun ajiye nasu sa hannun, tuli-tuli, mai ɗumi. A gefe Yero ne tsaye, makiyayin da shanunsa ke cin karan gonar Baba Mika duk kaka, ya saƙala sanda a kafaɗa, bakinsa har kunne.

"Saje, barkanku da biki!" in ji Yero. "Don Allah wane bawan Allah ne ya yi wannan sadaka? Tun jiya shanuna suka kama ta daga gindin dutse, lasa ɗaya, taku ashirin, har nan. Na yi, na yi, sun ƙi sauka."

Baba Mika ya nuna Dominic da baki.

Wani mai hankali da nan zai nemi gafara ya zauna. Amma ina! Dominic ya ga Gladys na kallo, ya ga dama ta ƙarshe.

"Kowa ya ja baya! Zan share filin nan cikin minti biyu!"

Ya busa usur, ya ruga cikin garke yana ɗaga hannu. Shanu suka ɗago kai. Ba su gudu ba, hanci suka buɗe. Ashe ƙaya ta huda jakar goyonsa tun ɗazu, garin kanwa na zuba yana haɗuwa da gumi, bayansa da wandonsa sun yi fari fat. Wani farin bijimi mai ƙaho kamar hannun kujera ya matso, ya zaro harshe, ya share shi tun daga ƙugu har ƙeya.

"Kai! Koma sahu!" in ji Dominic.

Ya ja da baya, bijimi ya biyo. Ya ƙara sauri, saniya biyar suka shigo layi. Ya zuba da gudu yana zagaya ɗorawa, garke duka ya ɗauka a bayansa, sahu guda, tsaf, babu mai wuce wani. Mutumin da gudu ya hana shi shiga soja, ran nan ya yi gudun da ko a bariki sai an tafa masa. A zagaye na huɗu ya daka tsalle ya cafe reshe. Bijimi ya cafe ƙafar wando, ya hau tauna. Dominic na ja sama, bijimi na ja ƙasa, maɓalli ya ce ni na gaji. Koren wando ya tafi aikin ƙasa, ya bar Kwamanda na lilo da ɗan gajeren wando mai hoton ƙwallo.

Matan zumunta suka zube ƙasa don dariya. Fasto Japhet ya ɓoye fuska a bayan laima, amma ta tagogin nan uku ana ganin haƙoransa.

"Yar da jakar, yaro! Jakar!" in ji Yero.

Ya cillar da ita can gangare, shanu suka bi ta, fili ya samu. Samari suka share dutse da ganye, aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli. Mama Saloma ta miƙa wa Dominic zanen da ta yi ganwo da shi, ya ɗaura a ƙugu. Kai ka ce ya ji kunya? Ko kusa. Ya tako har gaban Baba Mika, ya buga ƙafa, ya sara.

"Baba, an iso Galili, ba a rasa rai ko ɗaya ba."

Tsohon ya gama tauna lomarsa a hankali. "Shekara talatin da biyar na yi a soja," in ji shi, "ban taɓa ganin kwamandan da rundunarsa ke bin sa da ƙauna irin haka ba."

Dominic ya washe baki, ƙirji ya sake kumbura. "Na gode, Baba! To, maganar turo manyana fa?"

"Ai ba ni zan bi ka ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Gladys, kin ga yadda ake bin sa. Ke fa, za ki bi shi?"

Gladys ta dube shi tun daga usur har zane, ta ci gaba da zuba wa Yero shinkafa.

"Baba," in ji ta, "ni ba na lasar kanwa."