Ranar da Na Zama Wayar Amfilifaya

Har in bar duniya ba zan taɓa mantawa da walimar saukar karatun Asma'u ba. Lokacin ina neman aurenta, mahaifinta kuwa babban malami ne a Tudun Wada cikin Sakkwato, irin waɗanda ke amsa gaisuwarka ba tare da sun ɗago daga littafi ba. Ya ji labarin ina sayen matattun rediyoyi ina tara su a ɗakina a Arkilla, don haka a wurinsa ni "yaron nan mai wasa da wayoyi" ne. Magana kuma tana hannunsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da na ji za su yi hayar lasifika, sai na yi tsaki. Na ce wa Asma'u kayan haya ai tarkace ne, sai ƙara kamar injin niƙa, masu su kuma ba abin da suka sani sai murɗa maɓalli. Na ce ta faɗa wa Malam ya bar kuɗinsa, ina da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da na haɗa da hannuna. (Akwatinta ma tsohuwar sitabilaiza ce na fafe na shafa mata fenti, amma wannan ban faɗa ba.)

Ga inda wautar take. Duk makonnin da na yi ina gwada ta, unguwarmu ba wuta, don haka da batirin sola nake kunna ta. Batiri kuwa ba ya gurnani. Muryata ta fito tas, na ɗauka ni wani ne.

Ranar walima da safe aka tayar da janareto a ƙofar gidan Malam, na jona amfilifayar, sai lasifika ta ce huuuuum, kamar an rufe bijimi a cikin tanki. Ban ko taɓa makirufo ba. Na fara da zagin janareto. Na canza wayar makirufo, na ƙara babbar kafasita, na matsar da taransifoma can gefe, na ɗaɗɗaure ƙusoshi, gurnani yana nan daram. Zufa ta jiƙa sabuwar shaddata. Cikin gajiya na cire takalmi na taka ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, na dafa akwatin don in numfasa, sai ƙara ta ɗauke ɗif. Na ɗaga hannu, ta dawo. Na mayar, ta yi shiru.

Mai hankali da ya gane cewa wata wayar ce bai haɗa da jikin akwatin ba. Ni kuwa na duba na ga baƙi sun fara cika tabarmi, sai na yanke shawarar in zama wayar da kaina.

Haka na tsaya ba takalmi, hannuna na dama a kan akwati, ana ta karatu. Ƙuda ya sauka a hancina, na bar shi ya yi yadda ya so. Aka wuce da waina da kunun aya ina kallo. Wani dattijo ma ya nuna ni ya ce wa na kusa da shi, "Dubi ladabin yaron ga, tun ɗazu tsaye yake don girmama karatu." Ni da na san gaskiya na sunkuyar da kai kamar wani waliyyi.

Sai Malam ya karɓi makirufo ya ce, "Mu yi addu'a." Jama'a kowa ya ɗaga hannu biyu. Ina tsaye daf da shi, idonsa a kaina. Wa ya isa ya yi addu'a da hannu ɗaya a gaban surukin da yake nema? Na ɗaga. Huuuuum! Malam ya zabura har carbinsa ya faɗi, wata jaririya ta tsala ihu daga cikin gida.

"Subhanallahi! Mi ya hwaru, yaro?"

Maimakon in kashe abin in ba da haƙuri, sai dabara ta zo mini. Na ɗaga ƙafar dama na ɗora babban yatsa a kan akwatin, ta hagu a ƙasa, hannaye a sama. Ƙara ta tsaya. Haka aka yi addu'ar ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar balbela, babbar riga ta tattare, wandona a waje, ina rawar sanyi cikin zafin Sakkwato. Amin ɗin mutane duk dariya ce a ciki. Kafin a shafa, ƙafar hagu ta gaji, na tafi da baya, na ja tebur da akwati muka zube tare. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

A gida na gano abin: 'yar waya guda ce da ban liƙa da darma ba, aikin da bai kai tsawon alwala ba.

Bayan kwanaki Malam ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Wanda ya tsaya da ƙahwa guda don kada addu'ata ta yanke, ba ni hana mai ɗiyata. Amma ranar ɗaurin aure hayar lasifika za a yi, ka ji ko?"

Na ji. Ni da kaina na je wurin mai kayan hayar da na kira tarkace, na gaishe shi da hannu biyu. Tun daga ranar, duk abin da na haɗa sai na gwada shi da wutar da za a yi aiki da ita, kuma sai na ja da baya na tabbatar yana aiki ba tare da ni a jikinsa ba.