Ranar da Na Ce wa Goggo Kwamfuta Ba Keken Ɗinki Ba Ce

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi da na tara mutane a tsakar gidanmu na unguwar Asawase don su ga gwanintata, ƙarshenta gudu na nuna musu. Har yau in tayar babur ta fashe a layinmu sai wani ya leƙo ya ce, "Injiniya, kai ne kuma?"

Sunan Injiniyan nan ba wata makaranta ce ta ba ni ba. Kwas na wata shida na yi a wani shago, na koyi buga takarda da shirya katin biki, shi ke nan. Amma a Zango, unguwarmu ta Hausawa, in ka taɓa buɗe wa tsohuwa wayarta da ta manta lambar sirri, magana ta ƙare, kai injiniya ne. Ni kuwa ban taɓa musawa ba (wa zai ƙi suna mai daɗi a kyauta?).

Ga yadda abin ya faro. Yayana Mumuni ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi a Amurka, Yanki in ji mutanenmu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne, bai yi boko ba, saboda haka wasiƙarsa ta kaset ce. Sai ya zauna bayan la'asar ya danna rediyo, ya yi ta ba Yaya labarin gida har kaset ya cika, a ba matafiyi ya kai. Shekara uku bayan rasuwar Baba, Mma ta ce wa Yaya a waya ba ta son komai daga gare shi bana sai muryar mijinta. Ashe Yaya ya kwashe muryoyin ya zuba a kwamfutarsa tun kafin kaset-kaset ɗin su lalace a zubar. Sai ya warware kwamfutar gaba ɗaya, ya naɗe kowane ɓangare a tawul, ya ba wani Alhaji mai dawowa gida. Gangar jikin kawai za mu saya a nan, da monita.

(Na tambaye shi me ya hana ya turo muryoyin ta waya. Ya ce mutumin da ke cin abinci a kan sitiyari ina ya ga lokacin wannan.)

"Ka ga faifan ajiyar nan mai nauyi?" in ji Yaya a waya. "Baba na ciki. Babu wani kwafi ko'ina a duniya. Za ka iya haɗawa ko a kai wa masu yi?"

Na ce, "Haba Yaya, ni da ake kira Injiniya?" Alhali ko murfin kwamfuta ban taɓa buɗewa ba.

Kwana uku na yi ina kallon bidiyon masu haɗawa a intanet, kuma tsakani da Allah aikin ya burge ni. Akwai babban allon da komai ke hawa kansa, madabod, layuka siri-siri sun fi jijiyar ganye yawa. Akwai firosesa, ɗan abu bai kai tafin hannun jariri ba, wai shi ne ƙwaƙwalwar. Na ɗora shi a gurbinsa ina riƙe numfashi, na ɗiga masa man nan mai ruwan toka daidai ƙwayar wake, na ɗaura fanka a kai. Na danna wani siririn kati da ake kira ram har ya ce ƙas. Na ɗaure akwatin wuta a gindin gangar, na jona wayoyinsa. Duk wannan na yi shi daidai, ina so a rubuta mini. Abin da ya rage kawai a saka faifan Baba a kunna, kuma a nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa irin wannan aiki bai kamata a ƙarasa shi babu 'yan kallo ba.

Mma ta ce ita da Goggo Rabi sun isa. Ni kuwa na gayyato limamin masallacinmu, da abokan Baba uku na kasuwar goro, da maƙwabciyarmu Maame Akosua mai burodi, da abokaina biyu. Na sa aka haɗa sobolo, wato zoɓo, cike da kula. Na fito da tebur tsakar gida, na jawo waya daga soket ɗin bango, na sa jamfar Juma'a ranar Lahadi.

Goggo Rabi ƙanwar Baba ce, tela, shagonta na unguwar Buokrom. Ta haura sittin, ƙafar tabaranta ɗaya da zare aka ɗaure. Keken ɗinki uku gare ta, kuma ban taɓa jin ta kira mai gyara ba. A jakarta kullum akwai almakashi, da goro, da ɗan ƙaramin sukudireba. Da ta iso ba ta zauna ba, sai ta zagaya teburin tana leƙe.

"Kai, kayan Yanki ne fa," ta ce. "Ka duba irin wutar da suke ci?"

"Goggo, na zamani ne. Da kansu suke gane wuta." (Haka na ji wani ya faɗa a bidiyo. Ban tsaya na ji ko duka yake nufi ba.)

"To. Ni dai keken da Mumuni ya aiko mini shekarun baya, ina jona shi motarsa ta ƙone. Sai da na..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na dubi abokaina, na yi murmushin masu ilimi, na ce, "Goggo, Allah ya bar mana ke, wannan kwamfuta ce, ba keken ɗinki ba."

Abokaina suka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in tona rami in shige.

Goggo ko a jikinta. Ta miƙa hannu ta ɗauki faifan Baba da tawul ɗinsa, ta je ta zauna kusa da Mma, ta ɗora shi a cinya.

"Na ji, Injiniya. Amma mu a sana'armu ba a fara taka keke a kan yadin mutane. Tsumma ake fara sawa a ga yadda zare ke tafiya. Kunna ta tukuna babu ɗan'uwana a ciki. In ta yi lafiya, ga shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ta lalata mini tsari. Na so ne ina dannawa muryar Baba ta fito, a yi kabbara, a sa mini albarka. Na dubi Mma ko za ta sa baki, ta ce, "Yi abin da goggonka ta ce." Na gyara hula, na yi bisimilla da ƙarfi yadda Liman zai ji, na danna makunnin soket.

Tau!

Wani shuɗin haske ya fito ta bayan gangar, hayaƙi ya biyo shi, da warin ƙonanniyar roba. Abin da ya faru bayan nan ban san na yi shi ba, labari aka ba ni. An ce na tsallake bencin dattawa, na ture kular sobolo, na bi ta zaure na fita. Ni dai na farga na gan ni a bakin titi kusa da mai gasa masara, takalmi ƙafa ɗaya, jamfa ta yi jawur. Na waiwaya in ga waɗanda muka tsira tare. Babu kowa. Ni kaɗai na gudu, na bar uwata da limami da tsofaffi a gaban wuta.

Tafiyar komawa ciki ba ta fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Na tarar Maame Akosua tana ta kiran Ubangiji da yarensu, "Awurade, Awurade," dattawa suna salati, abokaina kuwa sun dafe ciki. Goggo ce ta tashi, a cewar kowa ba tare da gaggawa ba, ta kashe soket ta zare waya. Sai idona ya faɗa kan Mma. Ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Rabi, muryar ta ƙone?"

"Yaya Hajara, kwantar da hankalinki. Ga shi nan a hannuna, ko ɗumi bai yi ba."

Sai a lokacin na gane abin da na kusa aikatawa. Da son raina aka bi, da faifan na ciki.

Goggo ta juya bayan gangar, ta gyara tabarau, ta sa farce a kan wani ɗan jan makunni da ke jikin akwatin wutar, wanda kwana uku ina kallonsa ina ɗauka ado ne. "Ban iya Turanci ba, amma na san lamba. Ɗari da sha biyar, wutarsu ke nan. Tamu ɗari biyu da talatin ce. Ture shi gefe kawai ake yi."

Can Liman ya sunkuya ƙarƙashin benci ya ce, "Injiniya, ga takalminka."

Na ɗauka Goggo za ta yi mako tana ja mini kunne, kuma da ta yi da na cancanta. Washegari da safe sai ga ta da mayafi a kafaɗa, ta ce in ɗauko gangar mu je. Muka hau motar haya, trotro, zuwa wajen Race Course, shagon wani Ba'ashante mai sayar da kayan kwamfuta na hannu. Ta yi masa bayani da yarensu na Twi tiryan-tiryan, ni Injiniya ina tsaye riƙe da kaya kamar ɗan dako. Ya gwada madabod ya ce Allah ya rufa asiri, akwatin wutar kaɗai ya mutu. Ya ce sau da yawa in irin wannan ta faru yakan tafi da duk abin da ke jone da shi, har faifai. Ya tambayi wanda ya yi dabarar hana saka faifan, na nuna Goggo da haɓa. Ya dube ta ya ce, "Maame, in kin gaji da ɗinki ki zo mu yi aiki." Ba ta karɓi sabon akwatin ba sai da ta sa ya kunna shi a gabanta, ta kuma duba jan makunnin da idonta.

A ɗakin Mma muka sake haɗawa, ƙofa a rufe, babu sobolo. Ranar na ga aiki. Goggo ta jera sukurori a kan faranti, manya gefe, ƙanana gefe. Ɗaya ya faɗa cikin gangar, ta fito da maganaɗisun da take tsince allura da shi ta ɗauko. Akwai wasu 'yan wayoyi ƙanana na makunnin gaba da suka sa ni gumi a karon farko, yatsuna sun yi musu kauri. Ita da ta shekara arba'in tana zura zare a allura, ni ina karanta mata rubutun jiki tana sakawa ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin da na bari a cukurkuɗe ta tattara su ta ɗaure da ƙyallen atamfa. Kowane ɓangare sai ta tambayi sunansa da aikinsa, kuma ba ta tambaya sau biyu. Maganar keken ɗinki kuwa ko sau ɗaya ba ta tayar ba, wannan ya fi duka ciwo.

Muka kunna babu faifai. Fanka ta juya, rubutu ya fito a monita, babu hayaƙi. Goggo ta bar ta tana aiki har ta gama cin goro guda, sannan ta ce a kashe, ta warware tawul ta miƙo mini da hannu biyu. Na saka shi, muka kunna.

"Salamu alaikum. Mumuni, ni ne babanka."

Ga tarinsa na goro, ga carar zakara a baya, ga ƙarar turmi wanda Mma ta ce ita ce ke daka. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Goggo ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane. Ni ma dai wani abu ya shiga mini ido. Muka ji labarin farashin goro, da wanda ya haihu, da wanda ya tafi Makka. A wasiƙa ta uku sai Baba ya gyara murya.

"Ƙanenka kuwa yana nan da rawar kansa. Shekaranjiya ya buɗe rediyon nan wai zai gyara, ya bar mini shi a warwatse ya gudu gidan maƙwabta. Ba don Rabi ta zo da sukudirebanta ba, da ba ka ji muryata a wannan watan ba. Yaron yana da kai, kunne ne babu."

Mma ta fashe da dariya hawaye na zuba, irin dariyar da rabona da jin ta tun Baba na da rai. Ta ce a mayar baya, aka mayar, sau uku. Goggo ta mayar da tabaranta ta dube ni ta samansu.

"Ashe gudun ma tsoho ne," ta ce.

Yanzu na haɗa kwamfuta ta fi goma, har da ta makarantar Islamiyyarmu. Kafin in taɓa soket sai na leƙa baya na nemi jan makunni, kuma ba na saka faifan kowa sai na gwada da tsumma tukuna, kamar yadda muke cewa a shagon Goggo. Ta Mma na nan a ɗakinta, wayoyin ciki ɗaure da atamfa, kullum bayan la'asar Baba na ba da labarin goro. In tsohuwa ta fara magana da "ni dai kekena," yanzu nakan ja kujera in zauna. Wanda kuma ya zo gidanmu neman Injiniya, nakan tambaye shi wanne yake so, mai gudu ko mai gyara. In mai gyara ne, sai ya hau trotro zuwa Buokrom.