Tamaula a Tukunya

Jama'a, ranar Talatar makon jiya na fita da sassafe zan sayo zaren ɗinki, na dawo gida ba zare, ba takalmin ƙafar hagu. Ina isa bakin kasuwa na tarar an gitta igiya, ga dogaran Kwamitin Hana Tari su huɗu tsaye da sanduna. Wai an rufe kasuwa saboda murar nan da ta zagaye duniya ta iso mana Birnin Kebbi, wadda tsofaffinmu suka ce ƙanwar marisuwa ce, waccan da ta kwashe mutane suna yara. Ban yi musu ba. Laifina ɗaya, ƙaiƙayin shinkafa ya shiga mini hanci, na yi atishawa. Guda ɗaya tak. Suka biyo ni a guje kamar na saci akuya, na faɗa taɓon bayan masaƙa, takalmi ya tsaya can, ni na wuce. Ku duba fa, ni Riskuwa, baduku ɗan baduku, na ratsa unguwa da takalmi ɗaya.

Ban gama wanke ƙafa ba sai ga mai shela. Ya ce Mai Girma Uban Sanarwa, shugaban Kwamiti, yana gaishe da jama'a. An hana kasuwa, an hana biki, an hana zaman majalisa a ƙofar gida. Ya ja numfashi, ya yi tari, sannan ya ce ranar Asabar kowa da kowa ya fito fili, za a buga tamaula tsakanin kwalejin garinmu da ta Argungu, wanda bai zo ba za a san dalili.

Maƙwabcina Hodi mai noman albasa ya leƙo ta kan danga. Ya ce, "Riskuwa, mi anka ce? A taru ko kar a taru?"

Na ce, "Kar a taru ran Talata. Ran Asabar a taru."

Ya ce, "To ita cutar, an sanar da ita ranakkun?"

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Mai Girma ya yi odar kofi daga Ikko, na azurfa, mai hannu biyu, an zana sunansa a ciki da waje. An kuma ɗauko mai hoto tun daga birni, ga shi ana ta maganar mulkin kai, kowane babba yana son a gan shi a jarida yana miƙa wa wani wani abu. Kofi ya iso, mai hoto ya iso. Mura ce kawai ta zo ba a gayyace ta ba.

Za ku ce mene ne ruwan baduku da wannan. Ruwana biyu. Na ɗaya, tamaular kwalejin guda ɗaya ce a duk garin nan, kuma ni nake ɗinke ta. Shekara shida ke nan, babu ƙyallen fatar da ke jikinta wanda basillata ba ta ratsa ba. Na biyu, mai tsaron gidan kwalejin ɗana ne, Kalilu, wanda uwarsa Kulu ta je ta ɗauko daga makaranta ranar Lahadi jikinsa kamar garwashi. Tun ranar yana kwance a ɗaka cikin bargo biyu, haƙoransa na kaɗawa.

Ranar Laraba Malam Silvanus ya zo rumfata da tamaular a hammata. Shi ne malamin wasanni, mutumin ƙasar Filato, dogo, mai haƙuri. Matarsa Kezia ce ke ba da magani a ɗakin shan magani na unguwarmu. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Baba Riskuwa, ga ta, ɗinkin gefe ya buɗe. An ce lallai ta gyaru kafin Asabar."

Na ce, "Yara nawa kake da su tsaye?"

Ya ce, "Huɗu. Bakwai suna kwance. Na faɗa wa Kwamiti, suka ce in rubuta su a masu hutawa, kada in rubuta marasa lafiya, wai kalmar tana tayar da hankalin jama'a."

Ya ce Kezia ta rubuta wa Kwamiti takarda shafi biyu tana roƙo a ɗaga wasan zuwa bayan kaka. Kwana takwas ba ta zauna ta ci abinci a gida ba, layin masu tari ya kai gindin tsamiya. Ranar Talata da yamma kuma aka binne mijin Laure mai ƙosai, tsoho mai raha, wanda bai taɓa rasa kallon tamaula ba. Mu shida muka raka shi, don an hana taro.

Bayan Malam ya tafi, Kulu ta fito ta tsaya a kaina. Ta ce, "In kaɗ ɗinke wagga aba, yaron ga ya fita hili ya hwaɗi, ni da kai ta."

Daga ɗaka kuma Kalilu ya ɗago murya da ƙyar: "Baba, ɗinke ta. In ban tsare gida ba, mutanen Argungu na yi muna dariya har mu tsufa."

Na dubi tamaula, na dubi ƙofar ɗaki. Na yi niyyar in yi mata ɗinkin ƙeta, wanda bugu uku zai warware. Na ɗauki basilla, hannuna ya ƙi. Shekara talatin ban taɓa yin ɗinkin banza da gangan ba, yatsuna ba su san hanyarsa ba. Na ɗinke ta tsaf da guntun zaren da ya rage mini, ina ɗinki ina jin haushin kaina.

Ranar Alhamis aka aiko in bayyana gaban Kwamiti da tamaula a hannu, a matsayin masani. Ni da aka kora ranar Talata saboda atishawa.

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Mutum talatin da ɗaya na ƙirga a ɗaki ɗaya, an rufe ƙofa, an rufe tagogi, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada cuta ta shigo daga waje. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna shawarar ko ya halatta mutum ashirin da biyu su yi gudu a fili mai iska. Buta ɗaya ta ruwan sha tana zagayawa baki zuwa baki. Sarkin Hatimi, magatakardan Kwamiti, yana karanta dokokin da aka tsara, yana tsayawa yana share hanci da hannun riga. Ɗan wasa kada ya yi numfashi a fuskar ɗan'uwansa. 'Yan kallo masu tari su juya yamma. Alƙalin wasa kada ya hura usur, ya riƙa nuna shi kawai.

Sai aka zo kan takardar Kezia. Mai Girma ya sa tabarau ya bi ta da yatsa. Ya tsallake inda ta ce a ɗaga wasa, ya tsallake inda ta ce yara bakwai na kwance, ya tsallake mijin Laure. Ya tsaya a layi ɗaya, inda ta ce abin da hannu da yawa ke taɓawa yana ɗaukar cuta, shi ya sa su a wurin aikinsu suke tafasa allura.

Ya buga tebur. "Madalla da wagga mata! Ga magani nan ta hwaɗi. A tafasa tamaula!"

Ɗaki ya ɗauka: "Sai Mai Girma! Hangen nesa!"

Ya juyo gare ni. "Kai baduku, kai ka san fata. Mi kag gani?"

Jama'a, ni na san abin da ruwan zafi ke yi wa fata. Duk matar da ta taɓa dafa ganda ta sani. Na dubi Malam Silvanus, wanda shi ma aka kira, na ga ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi kamar yau ya fara ganin azara. Na tuna haƙoran Kalilu. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, duk fatad da anka dafa ba ta ƙara cutar da kowa."

Ku shaida, ban yi ƙarya ba.

Aka rubuta, aka buga hatimi. Aka ce a yi tafasar a tsakiyar fili ranar wasa, gaban jama'a da mai hoto, don a ga Kwamiti na aiki.

Na dawo gida ina tafiya kamar ango. Hodi ne ya ɓata mini rai ranar Juma'a, da na ba shi labarin dabarata. Ya ce, "Kai wawa na? Mutanen Argungu ba su da tasu tamaula? Ai da ita za su zo." Na kwana ina laluben wata dabara.

Asabar da hantsi Kalilu ya miƙe yana layi ya ce sai ya je. Na hana, Kulu ta yi kuka, ya ce dogarai na zuwa ɗaukarsa ko ya so ko ya ƙi, gara ya je da mutuncinsa. Muka aza shi a keken Hodi. Kulu ta biyo mu da ƙwaryar kunu da bargo, tana yi mini kallon da ba na so in sake gani. A fili aka jingina shi da sandar gida, a lulluɓe. Sauran masu hutawa shida aka jera su a tsakiya, biyu suka zauna a ƙasa nan take. Jama'a sun cika fili, rabinsu sun juya yamma suna tari, sun ba wasan baya.

Motar Argungu ta iso da 'yan wasa takwas da malaminsu, wani gajere mai jan ido, rungume da tamaularsu sabuwa fil. Na ce shi ke nan, maganar Hodi ta tabbata. Amma Allah ya yi wa Sarkin Hatimi albarka. Yana hango ta ya daka tsawa: "Tsaya nan! Tamu ta gida ma dafa ta za a yi, balle baƙuwa wadda ta ratso garuruwa!"

Malamin Argungu ya ce, "Dafa mi?"

Kafin ya rufe baki dogarai sun karɓe. Ga tukunyar biki an ɗora a kan duwatsu uku, ruwa na tafarfasa. Mai Girma ya gyara babbar riga, mai hoto ya shige cikin baƙin ƙyallensa, aka jefa tamaula biyu a ciki. Suka ƙi nutsewa. Aka sa dogari ya danne su da muciya.

Ta Argungu ce ta fara. Fam! Ruwan zafi ya yi sama, dogari ya yar da muciya, manyan baƙi suka watse da kujerunsu. Tawa ta ɗan jure, don ɗinkina ne, ina faɗa ba don yabon kai ba. Sannan ita ma ta saki wata doguwar ajiyar zuciya ta lotse. Da aka tsamo su, kowace ta koma kamar tafin hannu, baƙa, a murɗe, tana ƙamshi. Wata tsohuwa a bayana ta ce saura gishiri da yaji.

Fili ya yi tsit, ban da tari. Malamin Argungu ya ɗaga abin da ya rage na tamaularsa da yatsa biyu, ya dubi yaransa takwas, uku a cikinsu suna rawar sanyi. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya matso kusa da Malam Silvanus ya ce a hankali, "Wa ya kawo wagga shawara? Ina son in gode mishi."

Manya ba sa rasa mafita. Mai Girma ya hau kan benci ya ce an tashi kunnen doki, babu wanda ya ci wani, kuma wannan alama ce ta zumunci tsakanin garuruwa biyu. Tun da ba a iya raba kofi biyu, Kwamiti zai riƙe shi amana. Ya miƙa wa Sarkin Hatimi, Sarkin Hatimi ya miƙo masa, mai hoto ya ɗauka. Kafin nan Kulu ta riga ta aza ɗanta a keke, Kezia kuma ta sa an kwashe sauran yaran, namu da na Argungu, zuwa inuwar tsamiya tana ba su magani.

Kalilu ya tashi ranar Laraba, ya cinye tuwo malmala uku, ya tambaye ni wa ya ci. Na ce ba a zura masa ko ɗaya ba. Ya ce ai ya sani, shi ba a zura masa. Sai jiya Kulu ta sake yi mini magana. Cikin 'yan Kwamiti talatin da ɗaya, goma sha tara suna kwance, har da Mai Girma, Allah ya ba su lafiya. An ce a rubuta su a masu hutawa.

Masu tambayata ko ya dace a buga tamaula ana cikin annoba, ni ba likita ba ne. Abin da na sani, wadda ta fashe ina iya ɗinka wata kafin kaka, in an buɗe kasuwa na sami zare. Yaro kuwa ban san inda ake ɗinka shi ba.

Sanarwar da ta fito shekaranjiya ta ce an yi wasa cikin nasara, babu ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu da cuta ta hanyar tamaula, don haka za a faɗaɗa tsarin zuwa duk wani abin fata da jama'a ke taɓawa. Tamba makaɗi yana jin haka ya ɗaure gangunansa a jaki ya nufi Gulma, ko sallama bai yi ba. In kun gan shi ku ce ya yi zamansa tukuna, tukunyar tana nan a fili ba a sauke ba.