Ranar Da Babban Yatsana Na Hagu Ya Samu Aiki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yatsana ya tona mini asiri a gaban matan Nguru ba, ko da zan manta hanyar gidanmu.

Bari in fara da tarihin yatsan. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, kuma haushi ne ya kai ni. Duk inda aka je rajista sai a kama mini babban yatsa kamar na jaririya, a tsoma a tawada, a dangwala. Wata rana wata ma'aikaciya ta yi mini haka tana hira da ƙawarta, ko kallona ba ta yi ba. Washegari na sayi littafi da fensir na shiga ajin manya a nan Gashua. Ranar da na fara sa hannu da biro, na ɗaga babban yatsana na dama na ce masa, "Kai kam ka yi ritaya." Na hagu ko sallama ban yi masa ba. Wa yake lissafa hagu? Ba a ci da ita, ba a miƙa abu da ita, ba a nuna mutum da ita.

To, ƙungiyarmu ta mata masu noman shinkafa, wadda ta haɗa matan Gashua da na Nguru, sai aka ba ta kwamfutar hannu guda ɗaya tal. Irin mai faɗin nan ce da babu maɓalli, gilashi ne kawai ake shafawa (mu dai Faranti muke ce mata). Wadda aka ba riƙonta ita za ta riƙa rubuta sunayen mambobi, ta ɗauki hoton gonaki, ta duba mana labarin ruwan sama. Mu biyu muka fito nema: ni da Falmata, 'yar kawuna da ke aure a Nguru, taubashiyata wadda tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu bakinmu bai gaji ba.

"Ke da kika koyi baƙi da furfura a kanki?" in ji ta. "Ki bar wa masu ilimi."

"Ilimin naki da ya tsaya a aji uku? Farantin nan a Gashua zai kwana."

A gaban mutane na faɗa, har da buga ƙirji.

Aka turo wata budurwa, Malama Hauwa, ta koya mana kwana biyu. Ranar farko ta nuna mana kunnawa da kashewa, da yadda ake jan hoto da yatsa ɗaya ya wuce wani ya zo. Na ce au, wannan ne duka? Rana ta biyu ban je ba. Ina da shinkafa a kan wuta, kuma a ganina na riga na sauke. (Ashe a ranar ne aka koyar da abin da zai kashe ni.)

Ranar gwaji muka cika mota, muka bi ta Jajimaji muka isa Nguru da hantsi. Aji guda na makarantar firamare aka ba mu, ya cika maƙil. An haɗa Farantin da majigi, duk abin da ya fito a gilashin sai ya fito a bango da girmansa. A gaba ga Hajja Bintu, uwar ƙungiya, tsohuwa mai tabarau mai kauri, wadda ita za ta yanke hukunci.

Falmata ta fara. Ta nuna hotuna uku, murya ƙasa-ƙasa, tana taɓa gilashin kamar mai tsoron zai cije ta. Na yi murmushi, na gyara mayafina ruwan goro, na miƙe.

Na karɓi Farantin da hannu biyu na rusuna wa Hajja, sannan na damƙe shi da hagu, damƙa irin ta macen da ta saba da taɓarya. Hoton farko na gonarmu ce ta wajen Dagona ranar dashe, Malama ce ta ɗauka: mata sun duƙa cikin ruwa, can baya ga 'yan bishiyoyi. Ni kuwa maimakon in yi bayani in wuce, sai bakina ya ɓalle.

"Ku duba da kyau, matan Nguru! Haka muke aiki a ƙasarmu ta Bade. Daga asuba har la'asar ba mai zama. Ni da kuke gani, tunda nake ban taɓa sanin inuwar gona ba!"

Na sa manunin dama na ja, don hoto na gaba ya zo.

Bai zo ba. Sai hoton ya fara kumbura. Matan da ke duƙe suka zame suka fita ta gefe, bishiyoyin baya suka taso. Na sake ja da ƙarfi. Bishiya ɗaya ta cika bango, kuma a gindinta ga wata mata ta jingina, ƙafafu a miƙe, kai ya karkace.



Na ce a raina, bari in goge ta. Na ja na uku. Jama'a, fuska ta cika bangon nan daga sama har ƙasa. Ido a rufe, baki a hangame kamar ƙofar zaure, ga wushirya a fili.

"Ba ni ba ce," na ce.

Wata daga baya ta ce, "To mayafin fa?"

Ruwan goro. Shi ne a bango, shi ne a kaina. (Minti biyar na kwanta ranar, wallahi. To, ko goma.)

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a tasha. Matanmu na Gashua ma, da na zata za su rufa mini asiri, su suka fi kowa riƙe ciki. Ni kuwa da kunya ta kama ni sai ta koma faɗa. Na juya kan Falmata.

"Ke ce! Kin lalata shi kafin ki miƙo mini!"

"Daga nan inda nake zaune?" Tana share hawaye. "Ni dai na san mutanen Gashua da noma, ban san a kwance kuke yin sa ba. Rufe bakin mana, kar ƙuda ya shiga!"

Malama Hauwa ta matso kusa da kunnena. "Inna, ɗaga babban yatsanki na hagu."

"Hagu? Me hagu ta yi? Riƙewa kawai take."

"Yana kan gilashin. Shi wannan yana jin yatsa fiye da ɗaya a lokaci guda. Idan biyu suka hau suka ware, sai ya faɗaɗa hoto. Idan suka haɗe, ya rage. Bai san dama da hagu ba, Inna, duk yatsa ne a wurinsa."

Na duba. Ga shi nan kuwa, ya kwanta male-male a gefen gilashin, ya dangwale. Yatsan da bai taɓa samun aiki ba a rayuwarsa, ranar ya ɗauki kansa aiki.

Na riga na fara tunanin yadda zan koma Gashua hannu wofi, sai Hajja Bintu ta buga sandarta a ƙasa.

"Tsaya tukuna. Yadda kika kumbura bakin nan naki, za ki iya kumbura rubutu?"

Malama ta buɗo jerin sunayenmu. Na ɗora yatsu biyu, wannan karon da sanina, na ware su. Baƙaƙen suka tashi manya-manya. Hajja ta cire tabarau, ta ƙura wa bango ido, ta karanta sunanta da kanta, ta sake maimaitawa. Tsofaffin da ke kusa da ita suka hau cewa, "Nawa fa? Nuno nawa!"

Da hayaniya ta lafa Hajja ta ce, "Falmata ta san dabarar nan ta ɓoye mana don tsoro. Wannan ba ta sani ba, ta nuna mana har da hanƙarta, kuma ba ta gudu ba. Faranti ya tafi Gashua. Amma karatun da kika tsallake, Falmata ce za ta biya miki, kuma Malama za ki riƙa ce mata har ki iya."

Sati uku ina kiran taubashiyata Malama. Da a ce bulala aka yi mini, da ya fi sauƙi.

Farantin yana hannuna har yau, kuma hoton na nan, Hajja ta hana a goge. Duk taro sai an ce in faɗaɗa. Abin da na koya dai shi ne, kafin in ɗaga murya in ce wane ne ya yi mini, sai na fara duba yatsuna tukuna, duka goman, har da na hagu.